HAƘƘIN UWA A LOKACIN DA ƘASHI YA TSUFA

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa daga cikin 'yan agaji ya gabatar a zaman matasa na mako-mako bayan sallar La'asar. Mun kawo shi gaba ɗayansa saboda muhimmancinsa. A sha karatu lafiya.



Ina farawa da gode wa Allah (SWT) da Ya ba mu lafiyar da muka tako da ƙafafunmu muka zo wannan zama. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Ina gaida malamanmu da ke zaune a nan, ina kuma neman izininsu da gyaransu a duk inda na yi tuntuɓen harshe.

'Yan'uwa, an umarce ni da in yi magana a kan biyayya ga iyaye. To, malamai sun riga sun karantar da mu wannan babi. Babu wanda bai san yadda Suratul Isra'i, a aya ta 23 da ta 24, ta jero kyautata wa iyaye dab da tauhidi ba, ta kuma keɓe lokacin tsufansu da ambato. Babu kuma wanda bai ji labarin Sahabin nan da ya tambayi wanda ya fi cancanta da kyakkyawan zamansa ba, aka ambata masa uwa har sau 3 kafin a ambaci uba. Ni ba zan maimaita abin da waɗanda suka fi ni sani suka faɗa ba. Ɓangare ɗaya tak zan ɗauka, shi ne uwa ko kakar nan ta gidanku wadda ta fara ranƙwafawa, wadda in ta yi 'yar tafiya sai ta nemi dakali ta zauna, mu kuma muka ce ai tsufa ne, muka wuce harkokinmu.

ABIN DA YA FARU A GIDANMU

Ni ne auta a ɗakinmu, mahaifiyata ta haura shekara 60. A wani azumi na lura ta daina tsayuwa a sallar Asham, raka'a biyu za ta yi a tsaye ta ƙarasa sauran a zaune. Amma da gari ya waye sai in gan ta duƙe da tsintsiya ta share tsakar gida tas, ta duƙa ta yi wanke-wanke ba ta ce uffan ba. Sai Shaiɗan ya raya mini cewa ai Inna sanyin jiki ta fara yi da ibada. Wai ni mai ilimi, har na buɗe baki na ce mata, "Inna, ai ladar tana cikin tsayuwar." Ta dube ni ta ce, "Auta, ba ka san abin da ƙafar nan take yi mini ba." Daga haka ba ta ƙara ba.

Gidan ƙanwarta tafiyar minti 10 ce daga gidanmu, amma sai ta zauna sau 3 a hanya. Yayana, da kyakkyawar niyya, ya riƙa sayo mata haɗin ƙwayoyi a wani kemis, irin wanda ake ƙulla maka a leda babu suna babu takarda. In ta sha sai ciwon ya lafa. Bayan wasu watanni fuskarta ta cicciko, muna ta murna muna cewa Inna ta yi ƙiba. Ana nan wata rana da asuba ta zame a bayan gida, ta dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya karye. Faɗuwar da in ni ne ko buguwa ba zan ji ba.

A asibiti ne likita ya zaunar da mu ya ce karayar 'yar manuniya ce kawai. Bayan tambayoyi da hotuna ya lissafa mana abu 3 da ke tare da ita: tsukewar hanyar laka a ƙugu, zaizayar ƙashi, da amosanin gwiwa. Ya ce haɗin nan da muke ba ta yana cikin abin da ya ƙara cinye mata ƙashi. Wallahi 'yan'uwa, ranar na ji kunyar maganar da na yi mata a azumi. Abin da na koya tun daga ranar, a bakin likitoci da masu gashin ƙashi da kuma horonmu na agaji, shi nake so in ba ku yau, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

YADDA ALLAH YA GINA ƘASHIN BAYA

Baligi yana da ƙashi 206 a jikinsa. Ƙashin baya kuwa ba sanda ɗaya ba ce, ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka ɗora wani kan wani kamar jeren kwalla: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma sun haɗe a ƙasa wajen mazaunai. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai mai taushi da ke aikin gammo, yana hana su gugar juna. Kowane ƙashi yana da huda a bayansa kamar zobe, in aka jera zobban sai su ba da doguwar hanya kamar bututu. Ta cikin wannan bututu laka ta sauko daga ƙwaƙwalwa. Ita lakar tana ƙarewa ne a wajen ƙashin ƙugu na 1 ko na 2, daga nan zuwa ƙasa sai jijiyoyi su rarrabu kamar gashin wutsiyar doki. Waɗannan jijiyoyi su ne suke kai saƙo ƙafafu da mafitsara da dubura.

Idan shekaru suka ja, gammon nan yana bushewa ya lotsa ya turo ciki. Ƙananan gaɓoɓin da ke haɗa ƙasusuwan suna yin kauri su fitar da tsiro. Tantanin da ya lulluɓe bayan bututun shi ma yana yin kauri ya tattare. Wani lokaci ma ƙashi ɗaya ya ɗan zame gaba a kan ɗan'uwansa, kuma wannan zamewa ta fi samun mata a kan maza. Duk waɗannan suna rage faɗin hanyar, sai jijiyoyi su matsu, jinin da ke ciyar da su ya ragu. An fi samun haka tsakanin ƙashin ƙugu na 4 da na 5. Ciwo ne sananne a wurin likitoci, tun a shekarar 1954 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Holan mai suna Henk Verbiest ya bayyana alamominsa dalla-dalla.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Idan mutum ya miƙe sak, ko yana tafiya, hanyar nan tana ƙara tsukewa. Idan ya sunkuya gaba ko ya zauna, sai ta ɗan buɗe. Saboda haka mai wannan ciwo in ta yi tsayuwa ko tafiya sai ta ji nauyi da raɗaɗi daga mazaunai zuwa cinya zuwa ƙwauri, ko ta ji kamar tururuwa na bin ƙafar, ko ta ji ƙafar kamar ba tata ba. In ta zauna 'yan mintoci sai ya sake ta. Hawan tudu ya fi mata sauƙi a kan gangara, domin mai hawa a sunkuye yake. Shi ya sa Inna take iya shara a duƙe amma doguwar tsayuwar Asham ta gagare ta. Ruku'u ma hutu ne a wurinta. Abin da na ɗauka kasala ce, ashe ita ce babbar alamar ciwon.

Akwai wani ciwon mai kama da wannan, wanda toshewar hanyoyin jini na ƙafa ke kawowa, an fi samun sa ga masu ciwon suga da masu shan taba. Bambancinsu shi ne wancan in mutum ya tsaya cik yana lafawa ko bai zauna ba. Likita ne zai tantance, amma in ka lura da wanda mahaifiyarka take yi ka gaya masa, ka taimake shi ƙwarai.

ƘASHIN DA GARA TA CI

Abu na biyu shi ne zaizayar ƙashi. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo. Daga yarinta zuwa wajen shekara 30 ginin ya fi rushewar yawa, wato lokacin cika rumbu ke nan. Daga nan sai a fara ci daga rumbun. Mace kuma tana da wani sinadari a jikinta da ke kare mata ƙashi muddin tana al'ada. Idan al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, sinadarin yana raguwa, sai ƙashi ya shiga zaizayewa da sauri a shekarun farko. A waje ka gan shi lafiya lau, a ciki kuwa kamar azarar da gara ta ci. Ba ya ciwo sai ranar da ya karye.

Wurare 3 ya fi karyewa: wuyan hannu, kwatangwalo, da shi kansa ƙashin baya. Na bayan ba a ma cika gane shi ba, domin ƙashin lotsawa yake yi a hankali, wani lokaci a wajen ɗaga bokiti ko tari mai ƙarfi. Idan ka ga tsohuwa tana rage tsawo, ko doro yana fito mata, to sau da yawa wannan ne. Gidauniyar duniya mai kula da wannan cuta ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da suka haura shekara 50 za ta gamu da irin wannan karaya, namiji kuma 1 cikin 5. A shekarar 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ma'aunin da ake gane cutar da shi ta hanyar na'urar auna ƙarfin ƙashi, kuma an ware ranar 20 ga Oktoban kowace shekara don wayar da kai a kanta.

Mafi hatsari ita ce karayar kwatangwalo. Binciken ƙasashe da dama ya nuna cewa kusan 1 cikin 5 na tsofaffin da suka yi wannan karaya ba sa cika shekara a raye, saboda abin da doguwar kwanciya ke jawowa: gyambon kwanciya, ciwon huhu, da daskarewar jini a ƙafa. Ajali na hannun Allah, amma an umarce mu da riƙo da sababi. Idan tsohuwa ta faɗi ta kasa tashi, ka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, kada a ja ƙafar, kada a tsayar da ita. A kwantar da ita a kan abu mai faɗi a yi asibiti. Masu ɗori suna da wuraren da suke taimakawa, amma wannan ƙashi yana can cikin tsoka inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kuma galibi aiki yake buƙata cikin kwana ɗaya ko biyu.

Abu na uku shi ne amosanin gwiwa, wato guringuntsin da ke saman ƙashi ya sisiɗe, ƙashi yana gugar ƙashi. Shi kuma tsugunno da sujada da tashi daga tabarma ne suke tayar da shi. Ku duba halin da uwar nan take ciki. In ta tsaya baya ya hana, in ta durƙusa gwiwa ta hana, in ta zauna gaba ɗaya ta daina motsi tsoka ta saki, ƙashi ya ƙara zaizayewa, faɗuwa ta ƙara kusantowa. Ciwukan 3 kowanne yana tura ta ga ɗan'uwansa.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

Galibin masu tsukewar hanyar laka ciwon yana tafiya ne a hankali cikin shekaru. Amma akwai alamomin da in sun bayyana a ranar ake tafiya asibiti ko da tsakar dare ne. Na farko, fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida su riƙa zubowa ba ta sani ba. Na biyu, ta daina jin taɓi a mazaunai da tsakanin cinyoyi, wato gurbin da ke taɓa sirdi in mutum ya hau doki. Na uku, ƙafa ta yi rauni cikin 'yan kwanaki, tana jan ta, ko silifas yana suɓuce mata ba ta ji ba. Wannan yana nuna jijiyoyin nan masu kama da wutsiyar doki sun matsu matuƙa, in aka yi jinkiri suna iya mutuwa har abada.

A nan akwai matsala irin tamu. Uwa Bahaushiya ba za ta taɓa gaya wa ɗanta namiji maganar fitsari ba, balle ɗan fari da ko sunansa ba ta faɗa. Za ta yi ta canza zane tana sake alwala tana shiru. Don haka ka sa yayarka ko ƙanwarka ko matarka ta tambaye ta a keɓe. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Hukuncin alwalar mai yoyon fitsari a tambayi malamai, amma yoyon da ya zo sabo tare da ciwon baya maganar likita ce ta gaggawa.

Haka nan in ciwon baya ya zo da zazzaɓi da gumin dare da rama, a yi tunanin tarin fuka, domin yana kama ƙashin baya, kuma ana samun sa a ƙasarmu. Maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. In kuma tana da ƙullutu a mama, ko ciwon yana hana ta barci ko ta wane gefe ta kwanta, a gaya wa likita, don ciwon daji yana iya yaɗuwa zuwa ƙashi.

HATSARIN HAƊIN KEMIS

'Yan'uwa, da yawanmu da kuɗinmu da hannunmu muke cutar da iyayenmu muna zaton biyayya ce. Cikin haɗin da ake ƙullawa a leda sau da yawa akwai ƙwayoyi irin su deksametason ko firednisolon. Suna kwantar da ciwo nan take, amma in aka daɗe ana sha suna cinye ƙashi, su tayar da suga da hawan jini, su kumbura fuska har a zaci ƙiba ce. Kuma wadda ta daɗe tana shan su ba a tsayar mata da su rana ɗaya, likita ne zai rage mata a hankali, domin yankewa farat ɗaya hatsari ne. Akwai kuma irin su dikulofenak da ibufurofen, waɗanda yawan shan su ke jawo gyambon ciki da zubar jini da lalacewar ƙoda, musamman ga tsofaffi. Taramol kuwa kun san ɓarnar da ya yi a cikin matasa, ga tsohuwa kuma yana kawo jiri, jiri kuwa shi ne ƙofar faɗuwa. Ka tattara duk maganin da ke ɗakin mahaifiyarka, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ka zuba a leda ka kai wa likita ya gani.

A bar kuma al'adar nan ta a kira yaro ya hau bayan kaka ya tattaka mata. Ƙashin da ya zaizaye yana iya lotsawa a ƙarƙashin ƙafar yaro. Tausa mai ƙarfi da murɗa baya duk haka suke. Ƙaho yana da matsayinsa da ba mu musantawa, amma ba ya buɗe hanyar da ƙashi ya tsuke, kuma kada ya sa a jinkirta ganin likita.

ME ZA A YI A ASIBITI?

A fara da babban asibitin da ke kusa, su za su tura ku gaba in da buƙata. Muna da Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, akwai irinsa a Igbobi ta Legas da kuma Inugu, ga kuma asibitocin koyarwa kamar na Shika a Zariya da na Malam Aminu Kano. Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna zamewa da lotsawa, amma hoton na'urar maganaɗisu, wanda ake ce wa MRI, shi ke nuna jijiyoyin da inda suka matsu. Yana da tsada, don haka 'ya'ya su haɗa hannu. Wanda ya iya haɗa kuɗin waya ta yayi ba zai rasa abin da zai sa a asusun uwarsa ba.

Kada a ji tsoro, ba kowa ake yi wa aiki ba. Da yawa suna samun sauƙi da motsa jikin da masu gashin ƙashi ke koyarwa, da maganin ciwo daidai gwargwado, da rage ƙiba. Bincike ya nuna duk kilo 1 da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Ga zaizayar ƙashi akwai magunguna, wani sau ɗaya ake sha a mako, da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, kuma ba a kwanciya sai bayan minti 30. Likita ne ke rubuta shi. In tafiya ta gagara duk da haka, ko alamomin hatsari suka bayyana, sai a yi aikin da ake ɗebe ɗan ƙashi da tantanin da suka matse jijiya, kuma tsofaffi da yawa sun ci gajiyarsa.

Amma a lura da wani abu. Sunkuyon da ke ba ta sauƙin ciwon ƙafa, in aka haɗa shi da ɗaukar kaya, shi ne yake lotsa ƙashin da ya zaizaye. Don haka kada ka ga wani motsa jiki a waya ka zo ka ce Inna ta yi. A bar mai gashin ƙashi da ya san ciwukanta duka ya tsara mata.

AIKIN DA KE KANKA A GIDA

Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne. Bai kamata a ce kana gidan ko kana unguwar uwarka tana ɗaga ta ba. Ɗiban ruwa da daka da ɗaukar itace su bar hannunta. Amma kada ku mayar da ita 'yar zaman ɗaki, wannan ma cutarwa ce. Ta riƙa tafiya kullum gwargwadon ikonta, in ciwo ya taso ta zauna, in ya lafa ta ci gaba. Ka raka ta, ka san inda dakalai suke a hanyar. A saya mata tsintsiya mai dogon mariƙi. A ɗaga mata wurin girki da wanke-wanke don ta bar kujera 'yar tsugunno. In za ta riƙe sanda, ta riƙe a hannun da ke ɗaya gefen gwiwar mai ciwo.

Ka shiga bayan gidan da take shiga ka duba da idonka. A kankare gansakuka, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a yi mata kujera mai huda don ta huta da tsugunno. Ana iya faɗuwa da dare da asuba in an tashi alwala cikin duhu, to a ajiye mata tocila a gefen gado, a kawar da igiya da turmi da naɗaɗɗiyar tabarma daga hanya. Takalminta ya zama mai kama ƙafa marar santsi. In ta farka ta ɗan zauna a bakin gado kafin ta miƙe, musamman mai shan maganin hawan jini. A kai ta a duba idanunta, don yanar ido tana kayar da tsofaffi.

Sai abinci. Ƙashi da sinadarin kalsiyam ake gina shi, macen da ta haura 50 tana buƙatar wajen miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, kofin madara ɗaya kuwa yana ba da kusan 300. Ba sai an je kanti ba: nono da kindirmo, ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, miyar kuka, zogale, riɗi da wake duk suna da shi. Tuwo zalla da shinkafa ba sa wadatarwa. A shekarar 1999 an wallafa wani bincike da aka yi a Jos a kan yara masu gwamewar ƙafa, aka gano ƙarancin kalsiyam a abinci shi ne babban dalili a wurinsu, duk da yawan ranar da muke da ita. Jiki kuma yana buƙatar bitamin D kafin ya amfana da kalsiyam, kuma fata ce ke samar da shi in rana ta taɓa ta. Wannan bai ci karo da hijabi ba. Uwa ta zauna a tsakar gidanta cikin muharramanta, hantsi ya taɓa hannuwanta da ƙafafunta na ɗan lokaci.

Ku kuma da kuka yi aure ko kuke shirin yi, ku tuna rumbun da na faɗa. Matarka da ƙanwarka da 'yarka yanzu suke cika nasu. Ciki da shayarwa suna ɗiba daga jikin uwa, abinci mai kyau ne ke taimaka mata ta mayar. Nonon da ka saya musu yau shi ne ƙarfin bayansu bayan shekara 40.

ADDINI BAI TSANANTA MATA BA

Da yawa daga iyayenmu suna azabtar da kansu a salla don tsoron kada ta ɓaci, wasu kuma 'ya'yansu irina ne ke sa su jin laifi. Alhali Sahabi Imrana ɗan Husaini (RA) da ya kai kukan rashin lafiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya ba shi sauƙin yin salla a zaune in tsayuwa ta gagara, a kishingiɗe kuma in zaman ya gagara. Uwar Muminai Ummu Salama (RA) da ba ta da lafiya a Makka, an ba ta izinin yin ɗawafi a kan abin hawa. Annabi Zakariyya (AS) kansa, a farkon Suratu Maryam, da raunin ƙashinsa ya fara kai kuka ga Ubangijinsa. Saboda haka raunin ƙashi ba abin kunya ba ne. Yadda za ta yi kowane rukuni, wanda take iyawa ta yi shi yadda yake, wanda ba ta iyawa ta ɗauki sauƙi, a je wurin malamai su yi mata bayani daidai da halinta.

Wanda Allah Ya hore masa ya biya wa mahaifiyarsa Hajji ko Umara, ya sani tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sau 7 ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Ya tanadi kuɗin keken turawa tun daga gida, ya kuma kai ta likita ya duba ta kafin tafiya.

KAMMALAWA

Ina roƙon kowannenmu abu 3 kafin zama mai zuwa. Na ɗaya, ka je ka zauna da mahaifiyarka ko kakarka ka tambaye ta: tafiyar minti nawa take yi kafin ta nemi zama, ta taɓa faɗuwa a bana, wane magani take sha, wa ya rubuta mata. Na biyu, ka gyara bayan gida da hanyar alwalarta da hannunka. Na uku, mu 'yan agaji mu rubuta sunayen tsofaffin unguwanninmu da ba su da ɗa a kusa, mu raba kanmu mu je mu yi musu irin wannan gyara, mu kuma nemi kwamitin masallaci ya ajiye kujeru a sashen mata ya sassauta musu matakala. Muna iya tsayuwa a rana awa 3 muna tsaron sahu da tsara motoci ranar Juma'a, to wannan aikin bai fi ƙarfinmu ba.

Ita Inna, alhamdu lillahi, hannun ya warke, an raba ta da haɗin kemis, tana zuwa gashi, tana shan maganinta. Har yanzu tana zama sau ɗaya a hanyar gidan ƙanwarta, Asham kuma a kujera take yin ta. Na nemi gafararta a kan maganar da na yi mata, ta ce ita ba ta ma riƙe ni ba. Wanda tasa take raye ya gaggauta, domin akwai waɗanda ke zaune a nan da za su ba da duk abin da suka mallaka don a dawo musu da tasu ko da yini ɗaya su yi mata hidima.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa ciwon da suke fama da shi ya zama kankarar zunubi. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙan su, Ya haskaka makwancinsu. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu, Ya ba mu masu yi mana in namu ƙashin ya tsufa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman gafararSa.